Kafin ka ce za ka tsaya konseye, ka fara tambayar mutanen gidanka

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a fada bayan isha'i, an sauke shayi na farko an ɗora na biyu, hira ta gangaro kan kwatar da ta toshe a bakin layinmu tun daminar bara. Sai wani ƙanena na unguwa, yaro mai hankali wallahi, yana da shagon gyaran waya da mata ɗaya da yara biyu, ya ajiye kofi ya ce: "Yaya, ni fa duk ranar da aka sake buɗe siyasa a ƙasar nan zan tsaya konseye. To me zan rasa? In na ci alhamdu lillahi, in na faɗi in koma shagona." Nan take fada ta ɗauka, wannan ya ce sai kai, wancan ya ce ai mun riga mun ba ka, wani har ya fara kiransa onorabul.

Ni ban tanka ba a wurin, don ban so in sare masa gwiwa cikin tsaransa. Amma wannan "me zan rasa" ɗin ta bi ni har gida ta hana ni barci, saboda na san amsarta, na gan ta da idona a gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu kada wani ya juya mini magana. Ban ce kada matasa su nemi kujera ba, Damagaram na bukatarsu. Abin da nake cewa shi ne takarar konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma, ko magajin gari bashi ne da mutum ɗaya yake ci amma gida duka ke biya, matarka, ƴaƴanka, tsohuwarka, jarin shagonka, har zumuncinka da ƴan uwa. Don haka ba magana ce da ake yankewa kan tabarmar shayi ba, kuma duk wanda bai zauna ya yi lissafi da waɗanda za su biya tare da shi ba bai kamata ya tsaya ba, ko da unguwa kaf ta taru a ƙofarsa tana roƙo.

Na san wani zai ce ai yanzu ko zaɓen babu. Gaskiya ne. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi aka naɗa kantomomi, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Amma zancen bai mutu ba, je ka fada a Birni ko Zango ko Garin Malam za ka ji ana lissafin wa zai fito in an buɗe. Ni a ganina ma yanzu ne lokacin wannan tunani, da babu kiɗa babu maroƙi, don in kampe ta kankama ba mai jin kira.

Abin da na gani a gidan Kawu

Kawu ɗan kasuwa ne, yana da shagon atamfa da shadda a kasuwar Dole. Ba attajiri ba ne amma yana da rufin asiri, yana zuwa Kano saro kaya, masu kaya a Kantin Kwari sun san shi suna ba shi bashi ya sayar ya maido. Gab da zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamban 2020 mutanen unguwa suka yi ta sallama da shi, sau uku tawaga na zuwa har da dattawa masu furfura, suna cewa Alhaji kai ne muka yarda da kai, ba sai ka kashe ko dala ba, mu za mu yi maka komai. Ina zaune a zauren ranar da ya amsa, ni na zuba musu ruwa a buta suka yi alwalar magariba, kowa na fara'a.

Wanda bai taɓa shiga ba bai san cewa kuɗin na fara fita tun kafin a ga talaka ɗaya ba. A nan ƙasar, lokacin da ake zaɓe, ƙuri'ar konseye lista ake jefa wa, wato jerin sunayen ƴan takarar parti, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace lista ta samu, sannan konseyoyin su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Birnin Damagaram kansa gunduma biyar ne, a lokacin kowace da majalisarta da magajin garinta, ga kuma ta birni a sama. To wa zai shiga lista, wa kuma zai zauna kujera in an raba, wannan kokawa ce ta cikin gida a parti, kuma ba a yin ta da hannu wofi. Sai ka nuna kana da nauyi, kana iya cika fili ranar miting, kana iya ɗaukar wani abu daga kuɗin kampe na listar.

Daga nan kuma sai abin ya zama kamar rariya. Hayar kujeru da tanti da lasifika. Zannuwa na mata, don ba ka tara mata ka sallame su haka nan. Riguna na samari. Esans na ƴan kabu-kabu da za su yi maka rakiya, kuma in ka ba goma yau gobe talatin ne a ƙofa. Shayi da sukari na kowace fada, in ka tsallake ɗaya ta zama ta abokin hamayya. Makaɗa da maroƙa. Malamai masu addu'a, wannan a yi sauka, wancan ya ce sai an yanka rago. Ranar zaɓe kuma wakilanka na rumfuna suna son abinci da kuɗin waya tun safe har a gama ƙidaya da fitila. Ba ɗaya daga ciki da za ka ce shi ne babba, jika biyar ce nan jika ashirin can, amma a cikin ƴan makwanni Kawu ya sayar da filin da ya saya a hanyar Mirya, wanda ya ce na babban ɗansa ne in ya tashi aure.

Da kuɗin filin suka ƙare saura kwana kaɗan a yi zaɓe, sai ya shiga ɗakin matarsa Hajiya ya ce ta ara masa sarƙarta da ƴan kunnenta na zinari, waɗanda ta sawo shekarar da ta je Makka, in an gama zai maido mata da waɗanda suka fi su. Ta kwance ta ba shi ba ta ce uffan ba. Wannan ce shawarar farko da aka yi da ita a kan takarar, in ma za a kira ta shawara.

Mutanen "ko dala" fa? Sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi masa yawo gida-gida kuma sun jefa ƙuri'a. Amma ban ga wanda ya kawo dalarsa ba, kowa da abin da ya zo karɓa.

Kawu ya ci.

Zauren da ba ya rabuwa da mutane

Mutane suna tsammanin wanda ya faɗi shi ne ya yi asara. Ni abin da na gani, wanda ya faɗi asararsa tana da iyaka, ya yi jinyar wata biyu ya koma neman abincinsa. Wanda ya ci shi ne ba ya ganin ƙarshenta.

Wata safiya na je gaishe shi, ko ƙarfe bakwai ba ta yi ba, na tarar da takalma a ƙofar zaure kamar ana zaman makoki. Wata baiwar Allah da goyo a baya tana riƙe da ordonans, ta ninke ta ta ninke har takardar ta yi laushi, an ce mata maganin jika bakwai ne a farmasi. Wani saurayi an kama masa moto ba takardu yana son Kawu ya je ya yi magana. Wani matarsa ta haihu, suna jibi, ba rago. Wani dattijo ya kawo ɗansa da ya gama lakwal yana zaune, a samo masa aiki a meri, wato ofishin magajin gari, ko da na shara ne. Ba wanda ya zo da ƙarya a cikinsu, duk mabukata ne na gaske, kuma kowa da kalma ɗaya a bakinsa, Alhaji mu fa muka zaɓe ka. Na ga Kawu ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fiddo abin da ya ɗebo daga cinikin jiya ya rarraba, matar nan ya ba ta jika biyar ya ce ta yi haƙuri ta nemi cikon, ta karɓa ta fita ba godiya, don ita a lissafinta ya rage mata ne daga abin da gwamnati ta ba shi saboda su.

Nan ne babban rashin fahimtar yake. Konseye ba ya da albashi. Abin da doka ta tanadar masa ɗan kuɗin zama ne in an kira taron majalisa, kuma zaman da aka saba yi sau huɗu ne a shekara, duk wata uku sau ɗaya. Aikinsa ya duba kasafin kuɗi, ya amince ko ya ƙi, ya sa ido kan magajin gari, ya kai kukan unguwa. Ba ya da asusun da zai ɗebo ya saya wa kowa magani. Amma je ka gaya wa mai ɗa kwance da zazzaɓi wannan bayani ka ga ko zai ji ka.

A cikin gida kuwa tukunyar koko ta canza, Hajiya da ke dama rabin tiya sai ga shi tiya biyu ba ta isa, don ba a barin baƙo a zaure da yunwa. Yara ba su ganin ubansu, ya fita suna barci ya dawo suna barci. Shago aka bar wa yaro, kaya na raguwa a kanta ba a maye gurbinsu, aka fara jinkirin biyan mutanen Kano, su ma suka fara cewa sai da kuɗi hannu. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ranar da Hajiya ta gaya wa mahaifiyata cewa Kawu ya daina sallar asuba a masallacin ƙofar gidansa, masallacin da shi ya sa masa tabarmi, yana tashi da duhu ya tafi wata unguwa inda ba a san shi ba, don kawai ya samu ya yi salla ya yi lazimi ba wanda ya tare shi da takarda. Mutumin da a da in bai fito ba ake aikowa a ji ko lafiya.

Sai ga sanarwar Afrilun 2024, a rediyo ya ji ta kamar kowa. Wa'adin shekara biyar ne, bai wuce uku a kai ba. Cikin mako guda zaure ya yi tsit, ka ce an yi shara. Bashin Kano yana nan, filin hanyar Mirya wani ya riga ya gina shi, zinarin Hajiya har yau da nake wannan rubutu ba a maido ba. Kuma wannan ma darasi ne ga mai lissafi, a ƙasarmu wa'adi ba abin dogaro ba ne, waɗanda aka zaɓa a Janairun 2011 sai da suka kusa shekara goma ana ta ƙara musu lokaci, na 2020 kuma ba su kai ƙarshen nasu ba.

Abin da kuɗi ba ya maidowa

Kuɗi dai ana nema a samu. Akwai abin da ya fi su tsada.

Ƙanen Kawu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana wata jam'iyyar daban. Kowa ya san yadda garin nan ya yi zafi daga Disamban 2020 zuwa zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Fabrairun 2021, da Mahamane Ousmane ɗan garin nan ya kara da Mohamed Bazoum. Siyasar sama ta sauko har cikin tsakar gida. Aka yi suna a gidan ƙanen, Kawu bai je ba, matansu suka daina aika wa juna tuwon salla, yaran da suka tashi suna cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa. Mahaifiyata ita ce babba, ta yi ta zirga-zirga tsakaninsu har ta gaji ta zauna tana kuka. Sai da gwaggonsu ta rasu sannan suka zauna kan tabarma ɗaya karɓar gaisuwa, kuma ko yanzu in ka lura akwai ɗan abin da bai koma ba.

Ga kuma mutunci. Da a dandalin miting ake zagi, iska ta kwashe. Yanzu murya ce ake ɗauka a WhatsApp, minti uku, kafin azahar ta zaga gari ta kai har ƴan uwanka da ke Agadas da Libiya. Za a tono asalinka, kakanka daga ina ya zo, wace sana'a ya yi, wa ya saki wa, abin da kai kanka ba ka sani ba. Lokacin da aka yi wata rigimar rabon filaye, wadda Kawu ko hannu bai sa a takardarta ba, ƴarsa ta dawo daga lakwal da rana tsaka tana kuka, wai ƴan ajinsu sun ce ubanta ɓarawon fili ne. Yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya. Wa ya tambaye ta kafin a tsaya takara?

In mace ce ta fito kuwa abin ya ninka. Dokar 2019 ta ce a muƙaman zaɓe kada kowane jinsi ya gaza kashi 25 cikin ɗari, abu ne mai kyau kuma ina goyon bayansa. Amma doka ba ta hana bakin mutane. Namiji in za a zage shi a ce ɓarawo, mace kai tsaye mutuncinta da aurenta ake nufa, ta dawo taro da dare a ce daga ina, mijinta ya fita a yi masa habaici a majalisa. Duk macen da ta jure wannan ta zauna kujerar nan ni ina ganin girmanta ƙwarai.

"To in mutanen kirki suka gudu, wa za a bar wa?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Gaskiya ne in mai tsoron Allah ya ja baya mai neman abin duniya ne zai zauna, shi zai sa hannu a kasafin kuɗi, shi zai raba rumfunan kasuwa, shi zai yanke wace unguwa za a yi wa kwalbati. Har a addini ma akwai gefe biyu, Annabi Yusuf alaihis salam da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasar Masar saboda ya san zai iya riƙewa, amma kuma Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya hana Abu Zarri lokacin da ya nemi muƙami, ya nuna masa amana ce mai zama nadama ranar ƙiyama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya kuma sauke nauyinta.

Amsata ita ce, mutumin kirki da ya shiga ba shiri ba ya daɗewa yana mutumin kirki. Wannan na yi imani da shi. Mutum ne da bashi a wuya, zaure cike da mabukata, shago na mutuwa, sai wani ɗan kwangila ya zo da ambulan ya ce ba komai ba ne Alhaji, na goro ne. Ko kuma a zo zaɓen magajin gari, ko a tashi ƙuri'ar tsige shi, ƙuri'ar konseye ɗaya ta yi tsada a dare ɗaya. Mai rufin asiri yana iya cewa a'a ya yi barcinsa. Wanda mutanen Kano ke kira sau uku a yini fa? Kawu ya gaya mini da bakinsa cewa akwai daren da aka ajiye masa abu a gabansa wanda zai biya bashinsa duka, ya ce wallahi ɗana sai da hannuna ya yi rawa, Allah ne kawai ya kiyaye ni. Shi ya tsira, amma ba kowa ke tsira ba, kuma da yawan waɗanda muke zagi yau ba da niyyar sata suka shiga ba.

Saboda haka lissafin da nake cewa a yi shi ne abin da zai bar mutumin kirki da kirkinsa har ya sauka.

"Ai in ka ci za ka maida kuɗinka"

Wannan kam in na ji ta raina ɓaci yake. Daga ina za ka maida? Kuɗin meri harajin mai tumatir ne da ake yanka wa tikiti a kasuwa, da na mai shago, da na ɗan kabu-kabu, da ɗan abin da gwamnati da masu tallafi ke turowa. Duk dalar da ka "maida" tabil-ban ne da ba a saya ba, yara na zaune a ƙasa cikin ajin zana da ba a iya shiga sai damina ta wuce. Wanda ya shiga takara da niyyar maida kuɗi ya riga ya yanke wa kansa hukuncin sata tun bai ga kujerar ba.

Sai kuma masu cewa ai ba kuɗina zan kashe ba, ina da ubangida, Alhaji wane zai ɗauki nauyi. To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da za a raba filaye ko a ba da kwangila zai kira ka, kuma ba roƙo zai yi ba.

Akwai kuma masu rufe magana da cewa mulki na Allah ne, Shi ke bai wa wanda Ya so. Haka ne, ba mai ja. Amma Shi ɗin ne Ya ɗora maka ci da sha da lafiyar iyalinka tun kafin ka san akwai wata kujera, kuma su za a fara tambayarka.

Mu da muke cewa "sai kai"

Ba zan ɗora laifi duka kan ƴan takara ba, don rabin tsadar nan mu muka sa ta. Mu ne muke auna ɗan takara da abin da ya raba. Mu ne in mutum ya zo fadarmu da magana mai ma'ana ba tare da sukari ba muke cewa marowaci ne, bai shirya ba. Mun maida konseye farmasi da banki da kwamisariya a lokaci guda, sannan in ya saci abin da zai biya mana waɗannan bukatu mu fito mu ce ƴan siyasa duk ɓarayi ne.

Kuma muna tambayarsu abin da ba ya hannunsu. Ɗauki ruwa, ciwon da ya fi kowane daɗewa a Damagaram. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga wajen Gogo da Arunguza, kuma in bazara ta yi kowa ya san layin bidon da kuɗin da ƴan ga-ruwa ke yanka. Wannan aiki ne na gwamnatin ƙasa da kamfanin ruwa, na biliyoyi, konseye na unguwa ba abin da zai iya sai kai kuka. Amma a kampe muna matsa masa sai ya ce zai kawo ruwa, in ya ƙi faɗa mu bi wanda ya faɗa, in ya faɗa kuma shekara biyu mu ce maƙaryaci.

Na san talauci ne, ban raina wanda ya karɓi zane ko jika ɗaya ba, mai yunwa ba a yi masa wa'azi. Amma mu da muke da ɗan abin yi, masu shago, malaman lakwal, ma'aikata, mu da muka fi kowa surutu a fada, me ya hana in mun yarda da mutum mu haɗa masa kuɗin kujeru da esans daga aljihunmu? Ranar nan da aka yi ta ce wa yaron nan sai kai, na so in ce kowa ya ajiye jika biyu a tabarma yanzu mu ga masu gaskiya.

Washegari na bi ta shagonsa. Yana kan cire gilashin wata waya, na zauna kan benci na jira ya gama. Na ce ƙanena, ban zo hana ka ba, amma amsa mini. Maman yara ta san da wannan magana, kuma ka ba ta damar ta ce a'a ba tare da ta ji tsoron fushinka ba? Nawa ne kuɗin da in sun ƙone ƙurmus ba za ka taɓa jarin shagon nan ba, kuma kana da ƙarfin zuciyar tsayawa in ka kai wurin ko da saura kwana uku zaɓe? Wa zai zauna a kan wannan kujerar yana gyara waya ranar da kake wurin taro, kuma masu kawo maka aiki hannunsa za su yarda da shi ko naka? In Inna ta ji an zagi mahaifinka da ke kabari a WhatsApp, za ta iya ɗauka da hawan jinin nan nata?

Ya yi shiru yana juya ɗan sukurdireba a hannu. Can ya ce, "Yaya wallahi ni kwatar nan ce ke ci mini rai, duk damina ruwa har ɗakin tsohuwa."

Na ce to kwata ba ta jiran zaɓe. Na tuna masa daminar 2024, wadda ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a watan Satumba, lokacin ko majalisa babu, waɗanda suka cika buhuna da yashi suka tare ruwa a layinmu samari ne da shebur, shi ma yana cikinsu. Akwai kwamitin iyaye na lakwal ɗin unguwa, akwai na gidan likita, ana neman mai zuwa taro ana rasawa. Na ce shiga ɗaya ka yi shekara biyu, ka riƙe kuɗin jama'a ko jika hamsin ne ka ba da lissafi, ka ji yadda zagi yake a kan abin da ba ka ci ba, ka ga ko gidanka zai iya ɗauka. In an buɗe siyasa kana nan da niyyarka, kuma maman yara ta amince da bakinta, ni ne zan fara ajiye nawa a tabarma.

Daga nan na kira Kawu na gaya masa akwai yaron da nake so ya ji labari daga bakinsa. Yana nan a Dole, shagon ya ragu, rabin kantocin ba kaya, amma ya koma sallar asuba a masallacin ƙofar gida. Ya ce mu zo ranar Alhamis bayan la'asar in kasuwa ta lafa. Har na yi sallama zan kashe waya sai ya ce, "Ɗana, ba a shago ba, ku same ni gida. Kuma ka ce ya zo da matarsa, Hajiya ce za ta yi musu bayani, ta fi ni sanin abin da aka kashe."